Darasi na Bakwai: Shekarar 1492 da Yadda Ake Lissafin Kwanakin Tarihi

Duk wanda ya iya karanta lambobi har zuwa dubu goma, ya kuma iya tarawa da ɗebewa da ɗan rabawa, to ya mallaki kayan aikin da ake bukata wajen karanta tarihi da kansa. A wannan darasi za mu ɗauki shekara guda, wato 1492, mu bi ta wata bayan wata, mu ga abin da ya faru a cikinta, da waɗanda suka rasu, da waɗanda aka haifa, kuma duk inda muka tsaya za mu yi ɗan lissafi. Kafin a fara, kowane ɗalibi ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya rubuta sunayen watanni goma sha biyu a gefen hagu, daga Janairu a sama zuwa Disamba a ƙasa, ya bar fili a gaban kowane wata, domin a nan zai riƙa shigar da abin da ya karanta.

Shekarar 1492 ta faɗo ne a tsakiyar lokacin da masana tarihin Turai suke kira Zamanin Farfaɗowa. An ba shi wannan suna ne saboda a lokacin malaman Italiya, daga baya kuma na sauran ƙasashen Turai, sun koma suna tono littattafan tsoffin Girkawa da Rumawa suna nazarinsu, masu zane da masu sassaƙa da magina suka fito da sababbin dabaru, sannan injin buga littattafai da Gutenberg ya ƙera a birnin Mainz na Jamus wajajen 1450 ya sa littafin da ake kwashe watanni ana kwafarsa da hannu ya koma ana fitar da ɗaruruwansa a cikin 'yan makonni.

Ƙarni na nawa, kuma shekara ta nawa a hijira?

Ana karanta lambar haka: dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da biyu. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ga 14 a farkon lambar su ce ƙarni na 14 ne. Ƙarni shekara ɗari ne, kuma na farko ya tashi daga shekara ta 1 zuwa ta 100, saboda haka na 15 ya tashi daga 1401 zuwa 1500, kuma a cikinsa 1492 take. Ku tuna da yaron da ya cika shekara 14 har ya ƙara wasu watanni: goma sha huɗu sun cika, yanzu yana cin ta goma sha biyar.

Idan aka raba 1492 gida huɗu za a sami 373 ba saura, wannan ya nuna cewa Fabrairun shekarar ya yi kwana 29, ita kuma shekarar ta yi kwana 366. Ta fara ranar Lahadi.

Mutanen Garnaɗa, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, da na Timbuktu da na Kano a wancan lokaci da hijira suke lissafi, don haka ya kamata mu iya juya wannan zuwa wancan. Shekarar hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11, abin da ya sa duk shekara 33 na hijira suke daidai da kusan 32 na miladiyya. Ga hanya mai sauƙi. Ku ɗebe 622 daga 1492, ku sami 870. Ku raba 870 gida 32, ku sami 27 da 'yar saura, ku yar da saurar. Ku tara 870 da 27, ku sami 897. Lissafin ya yi daidai, domin yawancin 1492 ya faɗo ne a cikin 897 bayan hijira, sai a ƙarshen Oktoba aka shiga Muharram na 898. Wannan hanya kimantawa ce, tana iya kuskurewa da shekara guda, amma ta isa ta kai mutum kusa.

Janairu zuwa Agusta a Sifaniya

Ranar Litinin 2 ga Janairu, wadda ta yi daidai da 2 ga Rabi'ul Awwal 897, Sarkin Garnaɗa Abu Abdullahi Muhammad, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya fito daga fadar Alhamra tare da 'yan rakiyarsa, ya miƙa mabuɗan birnin ga Sarki Fardinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastil, wato masu mulkin manyan masarautun Kirista biyu na Sifaniya. Ba a yi faɗa a ranar ba. An riga an kwashe shekara goma ana yaƙi, garuruwan masarautar suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, an kuma yi wa birnin ƙawanya wata da watanni har abinci ya yi ƙaranci, sannan aka sa hannu a yarjejeniyar miƙa wuya ranar 25 ga Nuwamba 1491. Da wannan aka rufe babin mulkin Musulmi a Andalus, wanda ya fara a 711 lokacin da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetare mashigin teku daga Maroko da rundunarsa. Ku ɗebe 711 daga 1492, za ku sami shekara 781, wato kusan ƙarni takwas.

Yarjejeniyar ta yi wa Musulmin Garnaɗa alkawarin za a bar musu masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu. Alkawarin bai kai shekara goma ba. Daga 1499 aka fara tilasta musu shiga Kiristanci, a 1502 aka kafa doka a Kastil cewa Musulmi ya zaɓi sauya addini ko barin ƙasa, kuma tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu gaba ɗaya, har waɗanda suka sauya. Shi kuwa Abu Abdullahi ya ƙetare zuwa Maroko a 1493, ya zauna a Fas.

Yahudawan Sifaniya ba su sami ko wannan jinkirin ba. Ranar 31 ga Maris 1492, a birnin Garnaɗa, sarki da sarauniya suka sa hannu a dokar da ta ba kowane Bayahude wa'adi zuwa ƙarshen Yuli: ko ya karɓi Kiristanci ko ya bar ƙasar, kuma ba a yarda ya fita da zinariya ko azurfa ba. Ku ƙirga wa'adin da yatsu: Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, wata huɗu ke nan ga mutanen da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin, kuma duk wanda ya taɓa sayar da gida ko gona cikin gaggawa ya san irin farashin da ake taya masa. Dubun-dubatar mutane suka fita, wasu zuwa Fotugal, wasu Arewacin Afirka, wasu Italiya, da yawa kuma suka nufi Daular Usmaniyya ta Turkawa, inda Sarki Bayazid na Biyu ya karɓe su, suka zauna a Santambul da Salonika.

A cikin Agusta na wannan shekarar aka buga wani littafi a birnin Salamanka wanda ya shafi masu koyon karatu kai tsaye. Wani malami mai suna Antonio de Nebrija ya rubuta nahawun harshen Kastil, wanda a yau muke kira Sifaniyanci, ya sadaukar da shi ga Sarauniya Isabela. Kafin wannan lokaci harshen Latin ake yi wa nahawu a makarantun Turai, harshen kasuwa da na gida kuwa ana ganin ba ya bukatar ƙa'ida, tunda kowa da shi ya tashi. Littafin Nebrija shi ne nahawu na farko da aka buga a kan ɗaya daga cikin harsunan da suka tsiro daga Latin. A gabatarwarsa ya ce harshe a kullum abokin tafiyar mulki ne, kuma ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata a ƙasashen da babu wanda ya san da su a Salamanka ranar da littafin ya fito.

Rasuwar wani attajiri a Italiya

A rubuta a gaban Afrilu: ranar 8 ga wata Lorenzo de Medici ya rasu a gidansa na Kareji, bayan garin Fulorens. Bai taɓa riƙe sarauta ba, domin Fulorens jamhuriya ce a suna, amma danginsa masu banki ne, kuma tun 1469 babu abin da ake yankewa a birnin ba da yardarsa ba. Ya yi suna wajen riƙe malamai da mawaƙa da masu zane, yana ciyar da su yana ba su aiki, ya kuma yi ƙoƙarin hana manyan daulolin Italiya biyar, wato Fulorens da Milan da Fenis da Naples da ƙasar Fafaroma, afka wa juna. An haife shi ranar 1 ga Janairu 1449. Ku ɗebe 1449 daga 1492, ku sami 43, kuma tunda ranar haihuwarsa ta riga ta wuce kafin Afrilu, shekarunsa 43 cif da 'yan watanni.

A cikin gidansa akwai wani saurayi ɗan shekara 17 da ke koyon sassaƙa dutse, yana cin abinci a teburin maigidan tare da 'ya'yansa. Sunansa Mikelanjelo, an haife shi a 1475, kuma bayan rasuwar ya tattara kayansa ya koma gidan mahaifinsa. Leonardo da Vinci, wanda aka haifa a 1452, yana da shekara 40, yana aiki a fadar mai mulkin Milan. Shekara biyu kacal bayan rasuwar Lorenzo, a 1494, Sarkin Faransa Charles na Takwas ya shigo Italiya da runduna, mutanen Fulorens suka kori ɗan Lorenzo da ya gaje shi, aka shiga yaƙe-yaƙen da suka ɗauki fiye da shekara sittin.

A birnin Rum kuma, Fafaroma Innocent na Takwas ya rasu ranar 25 ga Yuli, manyan limaman cocin Katolika suka taru suka zaɓi Rodrigo Borgia, mutumin Sifaniya, ranar 11 ga Agusta, ya ɗauki sunan Alezanda na Shida. Daga 25 zuwa 31 ga Yuli kwana 6 ne, a ƙara 11, kujerar ta yi kwana 17 babu kowa a kanta. A arewa, Sarkin Foland Kasimir na Huɗu ya rasu ranar 7 ga Yuni, kuma a jami'ar Krakow da ke ƙasarsa akwai wani ɗalibi ɗan shekara 19 mai suna Kofanikus, wanda daga baya ya rubuta cewa duniya ce ke kewaya rana.

Kwana saba'in

Kiristofa Kolumbus mutumin Jenowa ne a Italiya, ya daɗe yana aiki a jiragen ruwan Fotugal, har ya taɓa zuwa ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482 a gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau. Abin da yake nema shi ne wanda zai ba shi jirage ya bi ta yamma ya isa Indiya da Sin da Japan, inda ake samo kayan yaji da alharini. Sarkin Fotugal ya ƙi, fadar Sifaniya ta yi ta ja masa rai shekara da shekaru, sai bayan faɗuwar Garnaɗa aka amince, aka rubuta yarjejeniya da shi ranar 17 ga Afrilu.

Ana yawan cewa mutanen zamanin sun ɗauka duniya a shimfiɗe take kamar tabarma, shi kaɗai ya san mulmulalliya ce. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma shaida tana nan har yau a gidan tarihi na birnin Nuremberg a Jamus, inda aka ajiye taswirar duniya mai siffar ƙwallo da Martin Behaim ya sa aka yi a 1492, wadda ita ce mafi tsufa irinta da ta rage. Idan aka juya ƙwallon aka bi teku daga gaɓar Sifaniya zuwa yamma, sai a ci karo da tsibirai, sannan Japan, babu Amurka ko kaɗan. Gardamar da malaman fada suka yi da Kolumbus a kan girman duniya ce. Sun ce tekun ya fi ƙarfin ruwan sha da guzurin da jirgi zai iya ɗauka, shi kuma ya ƙanƙantar da nisan a lissafinsa. Malaman ne suka yi daidai, kuma da babu wata ƙasa a tsakani da shi da mutanensa sun halaka a teku.

Ya tashi daga tashar Falos a Sifaniya ranar Juma'a 3 ga Agusta da jirage uku, Santa Mariya da Finta da Ninya, da mutane kusan 90. A cikinsu akwai tafinta mai suna Luis de Torres, Bayahude ne da ya karɓi Kiristanci, an ɗauke shi ne saboda ya san Ibrananci da ɗan Larabci, ana zaton za a bukaci Larabci a fadar sarakunan gabas. Sun tsaya a tsibiran Kanari suka gyara jirgi suka ɗebi ruwa, suka sake tashi ranar 6 ga Satumba. Da misalin ƙarfe biyu na dare, wayewar 12 ga Oktoba, wani ma'aikacin jirgin Finta mai suna Rodrigo de Triana ya hango farin yashi a hasken wata, ya ƙwalla ihu, aka harba igwa don sanar da sauran jiragen. Sarki da sarauniya sun yi alkawarin kuɗin fansho na kowace shekara ga wanda ya fara ganin ƙasa, amma Kolumbus ya ce ai shi ya ga wani haske tun da farkon dare, kuma shi aka ba kuɗin.

Ga yadda ake ƙirga kwanakin tafiya idan ta ƙetare watanni. Agusta kwana 31 ne, an tashi ran 3, saura 28. Satumba kwana 30. Oktoba 12. A tara 28 da 30 da 12, a sami 70. Kwana saba'in mako goma ne cif, saboda haka ba sai an duba kalanda ba: tunda an tashi ranar Juma'a, an sauka ranar Juma'a. Ku yi irin wannan daga 6 ga Satumba, za ku ga tsagwaron ƙetare tekun kwana 36 ne.

Tsibirin da suka sauka yana cikin jerin tsibiran Bahamas, mazaunansa suna kiransa Guwanahani, Kolumbus ya raɗa masa San Salbado. Littattafai da yawa suna cewa a ranar ya gano Amurka, amma ɗalibi ya lura da kalmar: mutane ne suka tarbe shi a bakin teku, suna da gidajensu da gonakinsu da kwale-kwalensu, kuma kakanninsu sun yi dubban shekaru a nahiyar. Shi kansa ya ɗauka ya iso gefen Indiya, shi ya sa ya kira su Indiyawa, kuma tun a kwanakin farko ya kama wasu daga cikinsu ya tafi da su. Ya isa Kuba ranar 28 ga Oktoba, inda tafintansa ya ga mutane suna kunna busasshen ganye suna zuƙar hayaƙinsa, wato taba. Ranar 25 ga Disamba jirgin Santa Mariya ya kafe a gaɓar ƙasar da ake kira Haiti a yau, aka yi amfani da katakonsa aka gina ɗan sansani, ya bar mutum 39 a wurin, ya koma Falos ranar 15 ga Maris 1493. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, cututtukan da baƙin suka kawo da aikin tilas suka kusan ƙarar da mutanen waɗannan tsibirai, sai aka juya ga Afirka ana kwasar bayi don su maye gurbinsu, cinikin da ya ɗauki fiye da shekara ɗari uku.

Sakamakon tafiyar ya iso har cikin tukunyarmu. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da dankali da gwanda da abarba duk amfanin gonar Amurka ne, babu ko ɗaya daga cikinsu a kasuwannin Afirka ko Turai ko Asiya a 1492. Gero da dawa da wake da kuɓewa kuwa namu ne tun asali.

A ranar 12 ga Oktoba ɗin nan, a wani ƙaramin gari na Italiya mai suna Sansefolkoro, aka rubuta rasuwar Piero della Francesca, tsohon mai zane kuma masanin lissafi, wanda ya yi rubutu a kan yadda ake zana abu a bango ya fito kamar yana da zurfi da nisa.

Mako guda a Nuwamba

Filin Nuwamba zai cika, don haka a rubuta da ƙananan baƙaƙe. Ranar 3 ga wata Sarkin Ingila Henry na Bakwai da Sarkin Faransa suka yi sulhu a garin Etaples, Faransa ta yarda ta riƙa biyan Ingila kuɗi, Ingila ta janye sojojinta. Ranar 6, wadda ta yi daidai da 15 ga Muharram 898, Sunni Ali, sarkin Songai, ya rasu. Ya hau mulki a Gao a 1464, ya ci Timbuktu da Jenne, ya mayar da ƙaramar masarauta babbar daula a kan kogin Kwara da dawakai da rundunar jiragen ruwa. Malamin Timbuktu Abdurrahman Sa'adi, wanda ya rubuta Tarikh al-Sudan, ya ce ruwa ne ya ci shi a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi a ƙasar Gurma. Malaman Timbuktu ba su yi masa shaidar alheri ba, saboda ya kashe wasunsu ya kori wasu. Ku ɗebe 1464 daga 1492, ku sami shekara 28 na mulki. Ɗansa Sunni Baru ya gaje shi, amma a Afrilun 1493 wani babban kwamandan mahaifinsa ya ci shi da yaƙi ya karɓe mulki, shi ne Askiya Muhammadu.

A Kano a lokacin Muhammadu Rumfa ne sarki, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a wajajen wannan shekara ne malamin nan na Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili, ya zauna a birnin ya rubuta wa sarki nasihohi a kan yadda ake tafiyar da mulki. Daga baya ya wuce Gao, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu.

Kashegarin rasuwar Sunni Ali, ranar 7 ga Nuwamba da hantsi, aka ji wata ƙara mai firgitarwa a yankin Alsas da ke gabashin Faransa a yau, wani dutse mai nauyin kusan kilo 127 ya faɗo daga sama cikin gonar alkama a bayan garin Ensisheim. Wani yaro ne ya gan shi ya kai mutane wurin, suka fara ɓantarar gutsattsarinsa suna tafiya da su gida kafin hukuma ta hana. Sarki Maksimiliyan na Jamus, wanda garin ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya zo ya duba shi, ya ɗauke shi a matsayin alamar nasara a kan Faransa, ya sa aka rataye shi a coci. Abin da ya rage na dutsen yana garin har yau.

Ranar 9 kuma, a birnin Herat na ƙasar Afganistan ta yau, Abdurrahman Jami ya rasu, babban mawaƙin Farisanci kuma malamin ɗariƙar Naƙshabandiyya. An haife shi a 1414, wato 817 bayan hijira. Ku ɗebe 1414 daga 1492 ku sami 78, sannan ku ɗebe 817 daga 898 ku sami 81. Mutum ɗaya ne, kwanakin da ya yi a duniya ba su canza ba, ma'aunin ne ya bambanta, kamar yadda buhu ɗaya yake ba da adadi daban idan an auna shi da babban mudu da ƙarami.

Wani abin lura a nan: duk kwanakin miladiyya da ke cikin wannan darasi na tsohuwar kalanda ne. A 1582 Fafaroma Gregory na Sha Uku ya gyara ta, aka tsallake kwana goma, aka kwanta ranar 4 ga Oktoba aka tashi ranar 15. Masana tarihi suna barin kwanakin da suka gabaci gyaran yadda mutanen lokacin suka rubuta su.

Jariran shekarar

Rasuwar babban mutum kowa yana ji, haihuwa kuwa sai bayan shekaru ake komawa a neme ta, shi ya sa waɗanda aka san ainihin ranar haihuwarsu yawanci 'ya'yan sarakuna da attajirai ne. Ranar 11 ga Afrilu, kwana uku bayan rasuwar Lorenzo, aka haifi Margarit a garin Angulem na Faransa. Ƙanenta ya zama Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya, ita kuma ta zama sarauniyar Nabar, wata ƙaramar masarauta a iyakar Faransa da Sifaniya, ta rubuta waƙoƙi da labarai, ta kuma ba malaman da ake tsangwama saboda ra'ayinsu na addini mafaka. Ta rasu a Disambar 1549 tana da shekara 57.

Ranar 12 ga Satumba aka haifi jikan Lorenzo, aka mayar masa da sunan kakansa da ya rasu wata biyar kafin nan. Wannan Lorenzo ƙarami ya rasu ranar 4 ga Mayu 1519. Idan aka ɗebe 1492 daga 1519 za a sami 27, amma amsar ba daidai ba ce, domin ya rasu a Mayu, ranar haihuwarsa kuwa sai Satumba, saboda haka shekarunsa 26. Ƙa'idar ita ce, bayan an ɗebe, a duba wata: idan ranar haihuwa ba ta zagayo ba, a rage ɗaya. 'Yarsa Katarina, wadda aka haifa makonni kaɗan kafin rasuwarsa, ta zama sarauniyar Faransa.

Na bar Adam Ries a ƙarshe domin shi ne ya fi kusa da wannan aji. Bajamushe ne, malamin lissafi, wanda ya rubuta littattafansa da Jamusanci maimakon Latin don 'yan kasuwa da masu koyon sana'a su iya karantawa, ya koya musu lissafi da lambobin nan goma da Turawa suka karɓa daga Larabawa, Larabawa kuma daga Indiya. Har yau idan Bajamushe ya gama lissafi yana so ya nuna babu kuskure, yakan ce haka yake a lissafin Adam Ries. Babu takardar haihuwarsa. Abin da ake da shi shi ne wani littafinsa da aka buga a 1550, mai ɗauke da hotonsa, an rubuta a kewayen hoton cewa yana cikin shekararsa ta 58. Aka ɗebe 58 daga 1550, aka sami 1492.

Wannan dabara tana da amfani ga duk ɗalibin da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, kuma ake tambayarsa shekarunsa a asibiti ko wurin yin katin shaida. Ya nemi wani abu sananne da ya faru wanda aka san shekararsa, kamar naɗin sarkin garinsu ko wani zaɓe ko canjin kuɗi, ya tambayi dattawan gida shekarunsa nawa a lokacin, ko ana goyonsa ne, ko ya fara famfara, ko ya isa kiwo. Yara suna fara famfara ne wajajen shekara 6 zuwa 7, don haka wanda aka ce yana famfara a shekara kaza, sai ya ɗebe 6 ko 7 daga wannan shekarar.

Aiki

Da farko kowa ya kammala shafinsa na watanni, ya duba waɗanne watanni ne suka cika, waɗanne ne babu komai a gabansu, sannan ya karanta wa na kusa da shi abin da ya rubuta a Afrilu da Nuwamba da babbar murya, yana faɗin kowace lamba da cikakkun kalmomi. Bayan haka a amsa waɗannan a rubuce, a nuna yadda aka yi lissafin, kada a rubuta amsa kawai. Martin Luther, wanda daga baya ya jagoranci ɓallewa daga cocin Katolika, an haife shi ranar 10 ga Nuwamba 1483: shekarunsa nawa ranar da Kolumbus ya sauka a Guwanahani, kuma nawa ne a ranar ƙarshe ta 1492? Shekara nawa Muhammadu Rumfa ya yi a kan mulki kafin 1492, kuma nawa ya ƙara bayanta? Kwana nawa ne daga miƙa mabuɗan Garnaɗa zuwa sa hannu a dokar korar Yahudawa, ba tare da an manta da kwanakin Fabrairun shekarar ba? Shekarar 1549 a ƙarni na nawa take, kuma ta yi daidai da wace shekara ta hijira?

Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya rubuta shekarar da muke ciki, ya ɗebe 1492 daga cikinta, sannan ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a gidansu, su zaɓi shekara guda da dukansu suke tunawa, ya yi mata irin shafin da muka yi, da haihuwa da rasuwa da abin da ya faru a gari, ya zo da shi aji na gaba.